Mai Jiniyar Madatsa

Haihuwarsa

An haifi marigayin da kowa ya sani da Mai Jiniya a shekarar 1949, a wani ƙaramin gari na bakin kogi wanda yau tafkin madatsa ya shanye shi har da maƙabartarsa. Mahaifinsa mai fito ne, mahaifiyarsa kuwa sana'arta bandar kifi.

Karatunsa

Ya shiga firamare a 1956, ya fita daga aji huɗu, ba don rashin kai ba, sai don mahaifinsa ya rasa mai taya shi tuƙin kwalekwale. A nan ya san halin ruwa, ya kuma ji tsoronsa har ƙarshen rayuwarsa.

Aikinsa

A 1971, da aka kammala madatsar, hukuma ta ɗauke shi aiki, ta ba shi wani ɗan ɗaki a kan bango mai taga ɗaya, da benci, da wayar tarho, da jiniyar da ake murzawa da hannu. Nauyin da aka ɗora masa shi ne busa ta sau uku kafin a buɗe ƙofofin ruwa, domin masu kwalekwale su bar gindin bango, inda ruwan da aka saki yake juyawa ya riƙe duk abin da ya kama.

To, amma kwaɗayi mabuɗin wahala! Ba a yi shekara biyu ba masunta suka gano cewa ruwan yana zubo da manyan kifaye a galabaice, sai dai a tsinta. Daga nan jiniya ta tashi daga gargaɗi ta koma gayyata: da ya busa, sai rige-rigen zuwa gindin bango. Har tsokanarsa suke yi, wai malam ya buɗe kasuwa. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Aure da 'ya'ya

Ya auri 'yar wani maƙeri a 1974, Allah ya ba su 'ya'ya shida. A daminar 1993, bayan busa ta uku, ta taga ya hango babban ɗansa, mai shekara goma sha takwas, a cikin kwalekwalen aro a gindin bango. Ya yi ta huɗu, ya yi ta biyar, ya buga wa injiniya waya yana roƙon a dakata, alhali ƙofofi sun riga sun ɗaga. Sai a kwana na uku aka tsamo gawar. Washegari ya koma bakin aiki, domin a cewarsa in ya ƙi busawa ma ruwa ba zai fasa zuwa ba. Sauran 'ya'yan ya rantsar da su kada su taka kwalekwale. Huɗu suka ji.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya yi ritaya a 2009, bayan ruwan ya ci mutum arba'in da ɗaya a kan idonsa, aka kuma mayar da jiniya ta lantarki. Bai zauna ba. Ya ɗaura durom-durom a igiya ya gitta kogin a matsayin iyaka, aka yanke igiyar sau uku. Ya roƙo rigunan kariya daga nutsewa ya raba, aka mayar da su matashin kai. Abin takaici, wallahi.

Rasuwarsa

Ya rasu da safiyar wata Talata a daminar 2021, bayan jinyar shanyewar ɓarin jiki, aka binne shi da hantsi kusa da babban ɗansa. Allah ya jiƙansa da rahama. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: malamar asibiti, da tela, da direba, da malamin makaranta, sai auta, masunci. Autan bai samu halartar jana'izar ba. Lokacin da yayyensa suka je bakin ruwa da labarin an riga an busa, yana gindin bango, suka yi ta ƙwala masa kira, ƙarar ruwa ba ta bar shi ya ji ba.