Inda Fatun Kakana Suka Tafi

Kakana majemi ne, kuma har ya rasu bai yarda akwai sana'ar da ta fi jima ba. Tun kafin Turawa su zo ƙasar nan yake jeme fatun awaki a bayan ganuwar Haɗejia. Daga Guri da Miga ake kawo masa ɗanyun fatu, ya jiƙa su da toka, ya kankare gashin, ya tsoma su cikin ruwan gabaruwa, sannan ya rina su ja da karan dafi. In ya gama sai ya ninka kowace fata gida huɗu ya danne da gwiwa. Wadda ta nuna tsaga ba ta barin gidan.

Fatake ke kwasa su yi Kano, daga can Larabawa su ɗora wa raƙuma. Iyakar saninsa ke nan, kuma abin yana cinsa. Da ya tsufa idonsa ya tafi, kullum zancensa ɗaya: manomi yana ganin mai cin geronsa, shi kuwa ya ƙare ƙarfinsa bai taɓa ganin inda aikinsa ya sauka ba. Mutanen gida sun gaji da ji. Ni kam tausayi yake ba ni, ko da yake ba na fasa tsokanarsa da cewa warin majema ne ya hana ni aurensa.

Ina makarantar horon malamai na ci karo da wata tsohuwar kalmar Turanci, maroko. Malamarmu Baturiya ta ce ko a ƙasarsu an daina jin ta sai a bakin masu tsofaffin littattafai. Ma'anarta jar fatar akuya mai laushi da ake yi wa littafi bango da ita. Sunan ƙasar Maroko aka laƙaba mata, don daga can jirage ke ɗauko ta, amma da yawanta a ƙasar Hausa aka jeme. Na ji haushi, na ji daɗi, duk a lokaci ɗaya. Na nace mata har ta ara mini wani littafi da ta gada a wurin kakanta, mai irin wannan bangon.

Da hutu na sami Kaka a zaure na ɗora masa littafin a cinya, na kwashe labarin duka na faɗa masa. Ya shafa, ya kai hanci ya daɗe yana shinshinawa. Can sai na ga ya buɗe littafin ya lanƙwasa bangon baya, ya danne da gwiwa. Kayan aro ne fa!

Ya bi gindin bangon da babban yatsa a hankali, daga sama har ƙasa.

"Amarya, duba mini. Ya tsage?"

Na ce ko alama babu, Kaka.

Na ƙara da cewa abin takaicin sunan wasu ne a kai. Ya ce in bar su da sunan, ai ba su san yadda ake yi ba. Ya ce ba zai rantse cewa fatar tasa ce ba, amma wanda ya jeme ta ba ya ha'inci, kuma masu karatu ne suka riƙe ta.

Daga ranar bai sake tambayar inda fatunsa suka tafi ba. Duk baƙon da ya shigo zaure sai ya gaya masa cewa littattafai yake yi wa riga.