Modar Kan Dutse da Kofina Mai Jan Zare

Salama gare ku, jama'ata. Wata tara ke nan ban ce uffan a nan ba, har wani ya turo saƙo yana tambaya ko na bar Jos ne. Ina nan unguwarmu ta Ali Kazaure. Tarin tibi ne ya kwantar da ni.

Wanda bai san ni ba, tela ne ni a kasuwar Terminus. Tsofaffin abokai kuwa sun saba da hotunan da nake sawa duk Asabar ɗin farkon wata, na dutsen bayan Naraguta, inda kaburburan wasu malamai uku suke, waɗanda suka biyo masu haƙar kuza tun zamanin kakanni. Hawan awa ɗaya ne. A yi musu addu'a, a cire ciyawa, a sauko kafin azahar.

Tun ina shekara tara Baba ke jan hannuna mu hau, shi da amininsa Baba Lamidi, Bayerabe mai gyaran keken ɗinki. Al'adar wurin, kowa ya hau da galan ɗin ruwa ya juye a randar da ke gindin ɓaure. Moda ɗaya ce tal, duk ta lotse, an ɗaure ta da igiya, da ita kowa ke sha. Baba ya rasu, ni da Baba Lamidi ba mu fasa ba. Har yau ban sha ruwa mai daɗin na randar nan ba.

A can ciwon ya fara leƙowa. Muna tsakiyar hawa tari ya sarƙe ni, na dire galan. Baba Lamidi, da saba'in ɗinsa da ɗoriya, ya haɗa da nasa ya ɗauka, yana min tsiya wai shayi da burodi sun gama da 'yan zamani. Na lallaɓa na kai sama, na sha ruwa, na miƙa masa modar.

Na ce sanyin Jos ne. Wa bai taɓa tari a garin nan ba? Citta, kanumfari, zuma, maganin kemis, babu wanda ban ɗura ba. Wata biyu ina wannan wautar. In farka riga sharkaf da gumi. Wandon da na ɗinka wa kaina sai da na rage masa ƙugu sau biyu.

Ranar da na ga jini a hankici, ranar na rufe shago.

Asibiti kuwa, yanki kati, bi layi, hoton ƙirji, ga 'yar roba ka tofa kaki. Bayan kwana biyu aka faɗa min tibi ne.

Wallahi na tsorata. Amma abin da ya fara faɗo min a rai modar nan ce. Na tambayi nas ɗin, Sista Nanret, ko na kashe tsohon mutane.

Ta ce, "Oga tela, ba a kofi yake ba, a iska yake. Tarin da ka yi wata biyu a ɗaki a rufe shi ne abin tsoro. Kawo iyalinka."

An gwada matata da yara, aka gwada Baba Lamidi. Allah ya tsare su duka.

Maganin kyauta ne. Amma hoto, kuɗin mota, abinci mai kyau, ga shago a rufe ana tsakiyar ɗinkin sallah, sai da keken ɗinkina na biyu ya tafi. Ƙwayoyi kullum kafin karin kumallo, wata shida. Fitsari ya koma ja, na ruga asibiti a gigice, Sista ta yi dariya ta ce aikin maganin ne. A wata na uku na ji garau na so in daina, ta ce in na kuskura zai dawo da ƙarfin da ya fi na da.

Abin da ya fi ciwon ci min rai shi ne kofi. A gida aka ware min nawa, aka ɗaura masa jan zare. Teburin mai shayin da na shekara goma ina zama, ina zuwa sai kowa ya tuna yana da uzuri. Na maimaita maganar Sista har na gaji. Ban ga laifin kowa ba, tsoro halak ne, amma na ji zafi. Kullum tunanina, ko na warke, da wane ido zan kama modar kan dutse a gaban mutane?

Asabar da ta wuce, bayan gwajin ƙarshe ya fito babu komai, na hau. Rabin galan na iya ɗauka, na huta sau biyar. Mun tarar da mutum wajen goma a sama, yawancinsu sun san labarina. Da aka shafa addu'a na zaro kofina daga aljihu, don kada in takura wa kowa.

Baba Lamidi ya fizge shi. Ya kamfato ruwa a moda ya miƙo min. Na sha rabi, zan zubar da saura in ɗauraye, ya karɓe ya shanye tas.

Ya ce, "Shekara arba'in ni da ubanka muna sha a nan. Wane ne kai da za ka zo mana da kofi?"

Sannan ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya ɗiba ya sha. Na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Alhamdu lillahi. Matata da ta jure masifata, Sista Nanret, da duk wanda ya leƙo ko ya yi addu'a, Allah ya saka muku da alheri.

Don Allah, tari ya wuce sati biyu, ku bar ɗora wa sanyi laifi, ku je a gwada. In an ba ku magani ku shanye har ƙwayar ƙarshe. In kuna da mai jinya, taga za ku buɗe masa, ku bar masa kofinsa cikin na kowa.

Nawa dai yana shagon Baba Lamidi da jan zarensa. Jiya na gan shi, ya cika shi da ƙananan notunan keke, ya ce ko da kuɗi ba zai ba ni ba.