Rigimar Yaya Sani a Duwatsun Sikotland

Bana shekara huɗu ke nan da 'yan bindiga suka kashe yayana, Alhaji Sani, a ƙofar gidansa. Ban zauna rubutun nan don in yi masa kirari ba. Mutum ne mai zafin rai, kuma har yau akwai abin da nake jin haushinsa a kai. Amma duk wanda ya yi cinikin shanu da shi, daga Magama har Maraɗi, ya san ba ya ƙarya, ba ya kuma haɗiye magana.

In ban da aikin hajji, sau ɗaya ya taɓa hawa jirgi. Ɗansa Kabiru, da ke aikin asibiti a ƙasar Sikotland, ya kai shi a yi masa aikin ido, ni kuma na bi shi jinya. Da ido ya washe, Kabiru ya ce sai Baba ya ga wani abu kafin ya koma gida. Ya sa mu a ƙaramar bas ta 'yan yawon buɗe ido, wadda ke fita da safe ta kewaya duwatsun arewacin ƙasar ta dawo da yamma.

Direban shi ne jagora, wani dattijo mai jan gemu, yana tuƙi yana ba da tarihi, Kabiru na fassara mana. Yaya tun daga tasha yake mitar sanyi da yayyafi. Amma da muka shiga tsakanin duwatsun sai ya daina mitar. Ciyawa shar har iya ganinka, ruwa na gangarowa ta kowane gefe. Ya manna goshi a gilashi, ya ce da a wurinmu wannan kiwo yake, da ba a ƙara faɗa kan burtali ba.

Aka tsaya a wani kwari mai faɗi. Ga guntayen bangon dutse nan da can, tumaki na kiwo a tsakaninsu. Mutane suka sauka suna ɗaukar hoto, wata ma ta haye bango ta ɗaga hannuwa tana dariya.

Yaya ya ce, "Kabiru, tambaye shi, ina masu gidajen ga?"

Jagoran ya ce tun zamanin da aka kore su. Masu ƙasa ne suka ga tumaki sun fi talakawa riba, suka tashe su, wasu gidajen har wuta aka sa musu, da yawa kuma suka hau jiragen ruwa ba su dawo ba. Ya ƙara da cewa dangin uwarsa ma daga irin wannan kwarin aka fitar da su.

Na ga jijiyar wuyan Yaya ta tashi.

"Ashe kufai ne! Faɗa mashi, wane irin ɗa ne ke kawo baƙi su yi rawa bisa kufan kakanninshi?"

"Baba, don Allah..."

"Na ce ka faɗa mashi!"

Kabiru ya faɗa, na tabbata a sassauce. Duk da haka fuskar dattijon ta yi jawur. Ya ce in bai kawo mutane ba, wa zai san an taɓa zama a nan? Yaya ya ce sanin bai mayar da kowa gidansa ba. Ya koma mota ya juya wa taga baya. Duk inda aka tsaya bayan nan, da tsohuwar ganuwa da bakin tafki, bai sake sauka ba sai don salla.

Da muka dawo Jibiya, labarin ya zama abin raha: Alhaji ya je ƙasar Turawa ya yi faɗa da direba. Ni ce ma kan gaba wajen ba da shi.

Ba a jima ba 'yan bindiga suka fara tashin ƙauyukanmu. Kowa ya kwaso iyalinsa ya taho cikin gari. Na ɗauki mota har ƙauyen da Yaya yake zaune don in taho da shi. Ya sa aka loda matarsa da jikoki da tukwane, shi kuma ya tsaya a zaure.

"Ladi, in na tashi, gobe gidan ga ya zama irin na mutanen can."

Na yi roƙo, na yi kuka, na gaya masa maganganun da ƙanwa ba ta gaya wa yayanta. Bai motsa ba. 'Yan bindigar suka zo da rana tsaka suka kora shanunsa, ya fito musu da sanda.

Ga haushina: gidan ya zama kufai duk da haka. An ɓalle kwanon, an cire ƙofofin, shi kuma babu shi.

Da zai leƙo yau, me zai ce? Zai ga manya na zuwa da jerin motoci, su tsaya gaban matan da aka kora a ɗauke su hoto da buhun shinkafa, su juya kafin la'asar. Dattijon can aƙalla jininsa ne aka kora, kuma yana faɗin wanda ya yi korar. Namu ko ambaton wannan ba sa yi. Zai ga hanyar kan iyaka da ya yi rayuwarsa a kanta, shinge bayan shinge ana tare mai buhun gero, mai bindiga kuwa yana ratsa daji da shanun mutane. Zai kuma ga an yi sulhu, waɗanda muka gudu dominsu suna shigowa kasuwa suna taya atamfa.

Me ya rage nasa? Ba shanu, ba gida. Sai zafin ransa, wanda na yi shekaru ina yayyafa wa ruwa, yau ga shi ya tare a ƙirjina.

Kwanan baya wani malamin unguwarmu ya zo gaishe ni. Ya ce, "Hajiya, an yi sulhu, sai a yi haƙuri a yafe."

Na ce, "Malam, ba ni aka kashe ba. Mai yafewar yana can kwance a ƙauye. Kun ce hanya ta buɗe, ku je ku tambaye shi."