Jegon Ƙanwata a Tsakiyar Ɗari

Ƙanwata ta haihu a tsakiyar ɗari, lokacin da rana take karkata kudu har haskenta ya daina leƙa ƙofar ɗakin mahaifiyarmu. Yini ya gajarce. Kana idar da la'asar, kafin ka gyara zama an kira magariba. Mazan garinmu Giwa Tazo kuwa sai murna, don albasa sanyi take so, kuma a shekarar ta samu har ya ishe ta. Ni na taso daga gidan mijina a Jega don in taya ƙanwata zaman jego, na tarar gwaggonmu, yayar babanmu, ta riga ta karɓe gidan. Mahaifiyarmu ta rasu tun muna 'yan mata, saboda haka babu mai ja da ita.

Gwaggo ba muguwa ba ce, kada a yi mini mummunar fahimta. Rabin matan unguwar ita ta yi musu wankan jego, kuma abu ɗaya take tsoro a duniya, wato sanyi ya shigi mai jego. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya ta riƙa fyaɗa wa ƙanwata har fatarta ta yi ja. Daga nan sai gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Sannan kunun kanwa, kwano cike, kuma gwaggo tana tsaye a kanta sai ta ga gindin kwanon.

Bayan suna na lura ƙafafun ƙanwata sun kumbura. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta daina kwanciya, sai dai ta jingina da bango, wai idan ta miƙe ji take kamar an ɗora mata buhun gero a ƙirji. Ga wani tari mara ƙarfi da ba ya barinta. Ko shayar da jaririyar sai ta huta a tsakani. Tsoro ya kama ni, na sami gwaggo a bakin murhu na gaya mata.

"Sanyi na," in ji ta. "Na hwaɗa muku ɗarin bana ba shi da kyau. A daɗa itace, a daɗa kanwa."

Na ce, "Gwaggo, kullum daɗawa ake yi, kullum kumburin gaba yake yi. Mu kai ta asibiti mana."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke mi kinka sani ga jego? Kin taɓa yi?"

Ni mai baki ce, duk dangi sun shaida. Amma na daɗe da aure ban taɓa ko ɓari ba, kuma maganar ta same ni inda babu ƙashi. Na koma ɗaki raina a ɓace. Da na kai wa baba ƙara, yana wanke laka a ƙafarsa bayan ya dawo daga fadama, cewa ya yi wannan sha'anin mata ne. Mijin ƙanwata yana Aliero wajen lodin albasa, idan ya bugo waya gwaggo ke amsawa, ta ce mai jego tana samun ƙarfi.

Aka daɗa itacen. Aka daɗa kanwar. Ɗakin ya kai ga ni da nake lafiya ba na iya daɗewa a ciki, ita kuwa tana zaune a kan gadon, gumi na zuba, fuskarta ta cika ta yi sheƙi. Matan da suke zuwa barka suna yaba ta, wai jego ya karɓe ta.

Wata safiya bayan wanka ta kasa fitowa daga makewayi. Na shiga na same ta durƙushe cikin tururi, leɓɓanta sun yi baƙi. Ta kama zanena ta ce, "Yaya, numfashina ba ya kaiwa ƙasa." Ban sake shawartar kowa ba. Na kira mijina ya zo da mota. Gwaggo ta tare ƙofa tana salati, wai a fita da mai jego cikin wannan iska tun ba ta yi arba'in ba? Da ta ga ba zan saurara ba, ta lulluɓe ƙanwata da barguna, ta cusa mini kunu a filas don hanya.

A asibiti a Jega likita ya ce zuciyarta ce ta gaji. Kanwa ta tara mata ruwa a jiki, zafin kuma yana ta wahalar da zuciyar. Ya tambaye ni me ya sa muka jima haka. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Ƙanwata ta cika washegari da hantsi, ba ta ga arba'in ɗinta ba.

Wajen zaman makoki babu wanda ya kai gwaggo kuka, kuma na gaskiya take yi. Tana gaya wa mata cewa iskar hanya ce ta ƙarasa yarinyar, da an bar mata ita da ta fitar da sanyin. Suna gyaɗa kai. Na maimaita abin da likita ya ce, wata tsohuwa ta dafa ni ta ce in yi haƙuri, zafin rashi ne.

Ni na ɗauki jaririyar. Da damina ta faɗi na kai ta gida su gan ta. Ina zaune a tabarma ƙamshin daddawa ya taso daga madafa, zuciyata ta tashi, na kau da kai. Mijina kaɗai ya san halin da nake ciki, amma idon gwaggo ba a ɓoye masa irin wannan. Ta matso, ta dubi wuyana da tafin hannuna, ta yi hamdala har da hawaye. Sai ta shiga lissafi da yatsu.

"Tsakiyar ɗari za ki sauka," ta ce. "Haihuwar hwari kuwa gida aka yin ta, babanki ba shi yarda da wani wuri."

Na buɗe baki, ta riƙe hannuna da hannayenta biyu.

"Kada ki ji tsoro, ɗiyata. Waccan sakaci munka yi. Ke tun ranar hwarko zan tsaya miki."