Littafin lissafin da na yar

Jiya wajen ɗaurin aure a Tambuwal, Garba tsohon Kanar na shigowa kowa ya miƙe tsaye. Ni da na riga shi zuwa, ko tabarma ba a matsa mini ba.

Ajinmu ɗaya a sakandare zamanin Jihar Arewa, kuma ni ke zuwa na ɗaya. Tare muka ci intabiyun makarantar hafsoshin soja, sai na ɗauka magana ta ƙare. Zangon ƙarshe na watsar da karatu, kullum ina hanyar gida Kebbe, ina taka maci bakin kasuwa ana ce mini Kaftin.

Ashe sai sun ga sakamakon zangon nan kafin su kira mutum. Na faɗi lissafi. Garba ya tafi.

Yana hango ni jiya ya rungume ni yana dariya.

"Kaftin! Wallahi littafin lissafinka da ka yar ƙarƙashin gado, da shi na ci jarrabawar ga."

Na ce, "Allah sarki, Garba." Amma da aka kawo naman walima, gefe na ture shi.

Ga furfura, ga jikoki, abin na nan daram a ƙirjina. Jama'a, wai ƙyashi ba ya tsufa ne?