Ranar da Na Kai Dada Allurar Diddige

Ranar Talata, ƙarfe shida saura kwata, muka tashi da asuba daga Namtari, ƙauyen da mahaifiyata ke zaune, ni da ita da muke kira Dada, sai mai Keke Napep ɗin da na yi shata. Jimeta muka nufa, wurin likitan ƙashi.

Diddigenta na hagu ke ciwo tun shekarar da suka yi gudun hijira daga Mubi a ƙafa. Takun farko na safe ya fi tsanani, sai ta dafa bango. Mu 'ya'yanta mun yanke shawara cewa idan bai warke ba kafin girbi, za ta bar gonarta ta dawo gidana a unguwar Limawa cikin Jimeta. Ita kuwa ta ce ba ta guje wa bindiga don ta zo ta zauna gadin talabijin ba.

Hanya ba laifi, sai ramukan da damina ta bari. Duk ramin da muka faɗa ina kallon fuskarta, ba ta ko yamutsa ba. A shingen sojoji aka leƙa mu, aka ce mu wuce. Kusa da asibiti muka sha kunun gyaɗa da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ne kawai ya girma.

Likita ya yi bayani dalla-dalla. Allurar kotizon kumburi take kwantarwa, ba ta cire tushen ciwon, kuma ba a yawan maimaita ta domin tana iya cinye kitsen da ke ƙarƙashin diddige. Saboda haka dole ta shiga daidai inda ya fi zafi. Na tsaya ina fassara mata da Fulatanci. Ya danna nan, ya danna can.

"Mama, nan da zafi?"

"Da sauƙi," in ji Dada.

Sau biyar amsa ɗaya. Likita ya ajiye sirinji, ya ce ba zai yi allura bisa ƙiyasi ba. Sai wata nas 'yar Numan, wadda ta daɗe tana kallonmu, ta tambaye ni, "Malam, kai ne ɗan fari?"

Na ce ni ne.

"To je ka sha iska. Fulatancina ya ishe mu."

Ban kai ƙarshen baranda ba na ji muryar Dada ta ce "wayyo". Shekarata arba'in da ɗoriya, ban taɓa jin wannan kalma daga bakinta ba. Na san ba ta kiran sunana, na san ba ta cin abinci a gabana, amma ban taɓa kawo wa raina cewa kunyar ta kai har gadon likita ba. Sau uku ina kai ta asibiti a baya, sau ukun ina tsaye a kanta, muna dawowa da maganin shafawa.

An yi allurar. Likita ya ce ta huta kwanaki, ta riƙa miƙa ƙafar da safe, ta daina yawo da silifas. Muka biya kasuwa na saya mata takalmi mai laushi. Ta juya shi ta ce na 'yan ƙwallo ne, amma ta sa.

Mun iso Namtari kafin la'asar. A hanya na gane cewa rakiyata ce ta jinkirta maganin.

Dada ta girbe masararta da kanta. Ranar komawa asibiti, ƙanwata ce ta raka ta.