Hannatu Mai Garka a Taron Ƙasashe

Duk wanda ya taɓa sayen shu, wato kabeji, ko salati a bakin gulbi ta gefen unguwar Harobanda ya san Hannatu. Ƴar Dogon Dutsi ce, aure ya kawo ta Yamai. Da mijinta ya rasu sai ta riƙe garkarsa, da ita ta sa ƴaƴa huɗu lakkol, wato makarantar boko. Ran Lahadi tana waƙa cikin matan majami'a, sauran ranaku kuwa ƙafarta na cikin laka. Ba ta yi karatu mai nisa ba, amma ta san halin gulbin kamar yadda ta san halin ƴaƴanta.

Shekarar babbar ambaliya, ruwa ya fasa shingen ƙasar da ke tare unguwar. Cikin wuni guda ya cinye garkarta, ya rushe ɗakunanta biyu, ya shiga masallacin unguwa har gwiwa. Wata uku suka yi a harabar wata lakkol, Musulmi da Kirista, tukunya ɗaya. Can ne ta saba da Malam Sama'ila, limamin unguwar, wanda a da gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Wata rana wani baƙo ya zo jaje, ya ce musu su yi haƙuri, haka Allah ya so. Hannatu ta ajiye muciya.

"Ruwa na Allah ne, ban musa ba," in ji ta. "Amma wa ya sare itacen da ke riƙe gaɓa? Wa ya cika sama da hayaƙi? Kada mu ɓata abu da hannunmu mu ce Shi ne."

Malam Sama'ila yana wurin, ya riƙe maganar. Ran Juma'a ya yi huɗuba kan amana: cewa ƙasa ajiya ce a hannun ɗan Adam, kuma Mai ajiya zai tambaya.

Bayan shekara biyu wata matashiya mai suna Raliya ta zo unguwar. Tana aiki da wata ƙungiyar malaman addini, suna neman wanda zai tafi Masar, inda ƙasashen duniya za su zauna kan sauyin yanayi, ya faɗi abin da ruwa ya yi wa mutane. Kowa ya ɗauka liman ne zai tafi. Shi kuwa ya girgiza kai.

"Ni huɗuba na yi, amma a bakin wannan baiwar Allah na ɗauko ta. Ita Hannatu, uwar Gideyon, ita ce za ta tafi."

Wasu dattawa suka yi gunaguni. Mace, kuma ba ta sallarsu ba?

"Da ruwa ya zo," in ji Malam, "ya tambayi waninku addininsa?"

Haka aka tsayar da Hannatu.

Hannatu ba ta taɓa hawa jirgi ba. Abin da ya fi ba ta mamaki ba jirgin ba ne, taron ne: dubban mutane da takarda rataye a wuya, suna gardama kwana da kwanaki kan kalma ɗaya. Raliya ta bayyana mata cewa ƙasashe matalauta suna son a kafa asusun taimakon waɗanda bala'in yanayi ya yi wa ɓarna, manyan ƙasashe kuwa suna jan ƙafa.

Minti uku aka ba ta a wani ƙaramin zaure na masu addini, inda wasu wakilan ƙasashe suka zo saurare. An rubuta mata jawabi da Faransanci. Ta duba takardar, ta miƙa wa Raliya.

"Ɗiyata, riƙe wannan. Ni zan yi Hausa, ke ki juya musu."

Ta faɗi sunanta da sana'arta. Ta faɗi yadda ta ɗauki jikarta a ka, ruwa na kai mata ƙirji. Sannan ta ce, "Liman ne ya aiko ni, ni kuwa Kirista ce. Ni da shi mun saɓa a abubuwa da yawa, amma mun yarda da abu guda: ƙasar nan ba tamu ba ce, aro aka ba mu. Ban zo bara ba. In wutar gidanka ta ci danga ta kama rumbun maƙwabcinka, abin da za ka kai masa ba sadaka ba ne. Ku da kuke gardama kan kalma, ku tuna akwai ranar da ba tafinta, kowa zai amsa da bakinsa."

Mutanen zauren suka miƙe tsaye. Wani farin dattijo, wakilin wata ƙasa mai arziki, ya biyo ta har ƙofa ya tambaye ta abin da take so ya yi.

"Ka koma ciki ka daina jan ƙafa," in ji ta. Raliya ta juya masa yadda aka faɗa.

A ƙarshen taron aka amince da kafa asusun. Da ta dawo, mutane suka riƙa cewa Hannatu ce ta kayar da manyan ƙasashe. Dariya take yi. "Ni ɗaya cikin dubu? Hannu da yawa ne. Kuma alkawari aka yi, ba a ɗaura masa zane ba tukuna."

Ba ta zauna jiran alkawarin ba. Ta haɗa matan majami'a da matan islamiyya, suka raini dashe a kusurwar garkarta. Maza suka ɗora ƙasa kan shingen, Malam da paston majami'arsu kowa da shebur. Itace ɗari uku suka dasa a gaɓa, awaki suka ci kusan rabi, suka sake dasawa suka kewaye da ƙaya.

Damina ta gaba gulbi ya cika ya kawo har gindin shingen. Kwana shida yana lasar ƙasar, Hannatu na zuwa kowace safiya tana duba sandar da ta kafa. Ran na bakwai ruwa ya fara ja. Ta tattare zanenta ta sauka garka, don lokacin shuka albasa ya matso.